"Ai ɗan Nijar ne": yadda iyaka da takardar asali suka shiga tsakanin matasa da aiki

1/ A Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar akwai maganar da kan iya raba matashi da aiki tun kafin a buɗe takardunsa: "ai ɗan Nijar ne." Ku zo mu bi tarihin wannan magana, mu ga inda ta samo tushe. 🧵

2/ Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa a ƙarni na 18, ta daɗe tana biyayya ga Borno. Tsohuwar hedikwatarta Tumbi ce, kafin a dawo Gumel a ƙarni na 19. Ina Tumbi take yau? A cikin Jamhuriyar Nijar.

3/ Ingila da Faransa ne suka yi ta yarjejeniya kan iyakar, a 1898, 1904 da 1906, sannan aka bi ƙasa aka kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Layin ya ratsa dangi, gonaki da makiyaya. Wa ya zama ɗan mulkin Ingila, ƙaninsa ya zama na Faransa, alhali ba wanda ya tashi daga gidansa.

4/ Masanin siyasa William Miles ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta, 'Yardaji a Najeriya da Yekuwa a Nijar, ya fitar da littafi a 1994. Ya tarar da harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya, amma mulki biyu ya ba su takardu da makoma daban.

5/ Sai batun asali ya shiga doka. Tsarin mulkin 1979 ya kawo tsarin raba daidai, don kada wani yanki ya cinye muƙaman tarayya. Manufar mai kyau ce, kuma Arewa ta amfana. A 1996 aka kafa hukumar da ke kula da shi.

6/ Amma fa ta ina za a san jiharka? Ta takardar shaidar asali, wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa. Abin da ake tambaya shi ne inda kakanka ya fito. Inda aka haife ka, ko inda kake biyan haraji, bai cika shiga lissafi ba.

7/ Ga misali. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, ta kai shi Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu a Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne. To in an yi wa zaɓaɓɓe haka, ina ga talakan bakin iyaka?

8/ Ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire Jigawa daga Kano. Bagumelen da aka haifa a Fagge ya wayi gari "ba ɗan jiha ba" a garin da ya tashi. Layi ya sake motsawa a kan mutane.

9/ A 2006 ƙungiyar Human Rights Watch ta yi bincike a jihohi da suka haɗa da Kano, Kaduna da Filato. Ta gano ana hana waɗanda ake kira baƙi aikin gwamnatin jiha da tallafin karatu, ana tsawwala musu kuɗin makaranta. Wasu ma ba ƙaramar hukumar da ta yarda ta ba su takarda, kamar Hausawa da yawa a Jos.

10/ Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, Bertrand da Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago. Masu sunayen fararen fata sun fi masu sunayen baƙaƙe samun kira da kusan kashi 50 cikin 100. An wallafa binciken a 2004. Can suna ne, nan asali.

11/ Ku riƙe wannan: sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda wurin da ya fito. Sashe na 25 kuma ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan 'yanci, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Kaka a Magarya ba ta soke kaka a Maigatari.

12/ Mu da muke kukan ana ce wa 'yan'uwanmu baƙi a Jos, mu lura da bakinmu a gida. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari na cika da mutanen ɓangarorin biyu, ciniki na tafiya lafiya lau. In an zo ɗaukar aiki, a bi abin da doka ta ce, a duba cancanta.