Noti Mai Kunnuwa: Daga Fagen Tsere Zuwa Kwalliya

Wani ɗalibina ya kawo mini hoton tsohuwar motar Jaguar E-Type, wadda ta fara fitowa a 1961, ya nuna wani ƙarfe mai kunnuwa biyu a tsakiyar ƙafarta. Ya ce, "Malam, wannan ado ne?" Na ce masa asalinsa aiki ne, daga baya ya koma ado.

Kamfanin Rudge-Whitworth na birnin Kobantiri a Ingila, wanda ya yi suna wajen ƙera kekuna, shi ya fito da dabarar a farkon ƙarni na 20. Ƙafar tana da wayoyin ƙarfe kamar ta keke, ana zura ta a kan cibiya mai haƙora, sannan babban noti guda ya riƙe ta. Ba a neman sifana: da guduma mai kan tagulla ko dalma ake bugun kunnuwan, don kada a ɓata ƙarfen. A fagen tsere, inda taya ke yawan fashewa, wannan saurin ya yi rana. Kuma notin dama da na hagu ba gefe ɗaya ake murɗa su ba, domin tafiyar motar gaba ta riƙa ƙara ɗaure su. In makanike ya musanya cibiyoyin, ƙafa na iya ficewa ana cikin gudu.

A 1922 Carlo Borrani ya soma ƙera irin ƙafafun a Milan ta Italiya da izinin Rudge-Whitworth, daga baya Ferrari ta yi amfani da su. Da abin ya zama alamar gudu da arziki, kamfanonin Amurka suka riƙa liƙa kunnuwan bogi a kan marufin ƙafa, ba su ɗaure komai ba, sai dai haɗari ga mai tafiya a ƙasa ko mai keke. A 1968 dokar Amurka ta hana kunnuwan a sababbin motoci. Jaguar da MG suka koma noti marar kunnuwa, wanda sai an haɗa da abin kwancewa.

Ya ku malamai da iyaye, ga abin da na ɗauka daga tambayar yaron nan. Ƴaƴanmu na tafiya makaranta a bakin hanya, kusa da motoci da baburan da aka cika wa kwalliya. Mu koya musu su riƙa tambaya game da kowane ƙarfe: me yake riƙewa, kuma wa zai iya ji wa ciwo?