Kwanukan Azurfa Masu Siffa na Zamanin Barok

Kwanukan azurfa masu siffa su ne kofuna, butoci da kayan teburi da maƙeran Turai suka riƙa ƙerawa da kamannin dabba, mutum ko jirgin ruwa, musamman daga ƙarshen ƙarni na 16 zuwa farkon na 18, lokacin da akasarinsa ake kira zamanin Barok. Cibiyar sana'ar biranen Nuremberg da Augsburg ne a kudancin Jamus. Nuremberg ce ta fara yin suna, a hannun irin su Wenzel Jamnitzer, wanda ya rasu a 1585. Daga baya Augsburg ta sha gabanta.

Ba a zuba ƙarfen nan haka kawai. Fallen azurfa ake bugawa da guduma ta ciki har siffar ta taso, a sassaƙa gashi da fuka-fuki ta waje, sannan a shafa ruwan zinariya. Kafin kaya ya fita kasuwa sai mai awo na gari ya kankare ɗan kaɗan ya gwada, abin da ke barin wani zane mai lanƙwashe-lanƙwashe a gindin kofi. In ya ci jarrabawa a buga masa hatimin gari kusa da na maƙerin.

Akasarinsu na shan giya ne. Mujiya ko zaki, kan ne murfi, cikin kuma mazubi. Wanda ya fi ban sha'awa shi ne na Diana, gunkiyar farauta ta Rumawa, zaune kan barewa mai rassan ƙaho, irin wanda Joachim Fries ya ƙera a Augsburg wajen 1620. A gindinsa akwai injin agogo. A wana shi, ya yi ta yawo kan teburi, wanda kofin ya tsaya a gabansa ya cire kan barewar ya shanye. Wasa ne na masu hannu da shuni, amma aikin ba wasa ba ne.

Sai dai azurfa kuɗi ce, ko da ta yi kama da zaki. Da yaƙi ya ci baitulmalin Faransa, Sarki Louis na 14 ya sa aka narke kayan azurfar fadar Versailles a 1689, aka buga sulalla. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira kyauta ce da jakadu suka kai wa sarakunan Rasha, kuma suna nan a ma'ajiyar fadar Kremlin da ke Mosko.