Mayar da tsohuwar mota mai aiki da lantarki: yadda ake yi da inda gizo ke saƙa

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hauhawa, har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Masu motoci da dama sun jingine su a gida. Wannan ya sake tayar da tambayar ko za a iya cire injin fetur a sa na lantarki a gurbinsa.

Za a iya, kuma an yi a Arewa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo, wanda ya bar jami'a bai kammala ba, ya kafa kamfanin Phoenix Renewables, ya riƙa mayar da ƙananan motocin bas na fetur masu aiki da batir, suna ɗaukar fasinja a cikin gari. A 2014 kuma Segun Oyeyiola, ɗalibi a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ya yi irin wannan aiki a kan tsohuwar Volkswagen.

Aikin ƙarfe shi ne mai sauƙin. Ana sauke inji da lagireto da salansa da tankin mai, a bar giyabos, a ɗaura masa injin lantarki da farantin ƙarfe da aka yanka daidai. Sai na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa daga batir gwargwadon yadda direba ya taka totur. Burki da sitiyari a yawancin motoci da ƙarfin injin fetur suke samun taushi, don haka dole a sa musu ƙananan famfuna na lantarki. Wanda ya manta da wannan zai gane kurensa a mahaɗar farko. Duk wannan bai fi ƙarfin kanikawa da masu walda na Sabon Garin Zariya ba, balle ga sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

A wajen batir ne gizo ke saƙa. Ƙaramar mota tana cin kusan yunit 15 na wuta a tafiyar kilomita 100. Babban batirin inbata da aka saba gani a gidaje yana riƙe yunit 2.4, nauyinsa kusan kilo 60, kuma idan ana zuƙe fiye da rabinsa yakan mutu da wuri. Ke nan ana buƙatar guda 12 ko 13, wato lodin da ya haura kilo 700 kafin fasinja ya shiga. Shi ya sa ake komawa ga batirin litiyam, wanda daga waje ake shigo da shi da dala, kuma sau da yawa kuɗinsa ya fi na motar kanta. Yana kuma buƙatar na'urar da ke sa ido kan caji da zafin kowane ɗan batir, domin gobararsa tana da wuyar kashewa, ga kuma zafin bazara.

A takarda lissafin yana da daɗi. A farashin naira 225 kan yunit da aka yanka wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, kilomita 100 za ta ci naira 3,375. Motar da ke shan lita 8 a wannan tazara kuwa za ta lashe naira 8,000 idan lita tana kan 1,000. Mai zirga-zirga tsakanin Samaru da Sabon Gari, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, cajin dare ɗaya ya ishe shi.

Sai dai idan akwai wutar. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, a zamanin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021, amma gwaji ne, kuma tun 2023 hankalin gwamnatin tarayya ya fi karkata ga mayar da motoci masu amfani da iskar gas.

Akwai kuma batun takardu. Rajistar mota tana ɗauke da lambar inji, don haka wanda ya sauke nasa sai ya nemi ofishin rajista da kamfanin inshora su gyara bayanan kafin ya hau titi.