Ƙafewar Ruwa da Taruwar Gishiri a Madatsar Zobe da Fadamun Dutsin-Ma da Kurfi

Madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a shekarar 1983 a kan Kogin Karaduwa cikin Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, ita ce madogarar manoman rani da masunta da dama na wannan yanki. Sai dai daga ɗaukewar damina zuwa ƙarshen bazara, iskar hunturu da zafin rana kan kwashe ruwa mai yawa daga cikinta. Haka lamarin yake a tafkuna da fadamun Kurfi.

Abin da ya kamata jama'a su sani shi ne, ruwa kaɗai ke tashi ya zama tururi. Gishiri da kanwa da sauran sinadaran da suka narke a cikinsa kuwa nan suke zama. Idan lita 100 ta ƙafe ta koma lita 10, ƙarfin gishirin ya ninka sau 10. Da wannan hanya ce mutanen Bilma a Jamhuriyar Nijar ke haɗa gishirinsu tun zamanin kakanni.

A yau masana kan lissafa wannan canji a kwamfuta tun kafin ya auku. Ɗaya daga cikin manhajojin da ake amfani da su ita ce PHREEQC, wadda Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka ta fitar a 1995, kuma kyauta ake samunta. Da farko akan auna samfurin ruwa a ɗakin gwaji, a shigar da sakamakon, sa'an nan a umarci manhajar ta riƙa rage ruwan kaɗan-kaɗan. A kowane mataki za ta nuna abin da ya rage a narke da abin da ya kwanta. Farar ƙasa ce kan fara kwantawa, gishirin miya kuwa sai can ƙarshe.

Amfanin wannan ga manomi shi ne sanin lokacin da ruwan ban-ruwa zai fara cutar da tumatir da albasa, ko ya sandarar da ƙasa.

Don haka muna kira ga manoma da su lura da farin ɓawo a bakin kwami, su gyara magudanai domin ruwa ya riƙa fita, su kuma sanar da malaman gona da wuri. Muna kuma jan hankalin jami'an ƙananan hukumomi da su riƙa ɗibar samfurin ruwa a ƙarshen damina da kuma tsakiyar bazara, domin lissafin kwamfuta ba ya wuce ingancin awon da aka ba shi.