Daga Tukar Igiya Zuwa Takardar Shaida: Naƙasassu da Sana'a a Ƙasar Gwaram

Kafin ilmin boko ya kafu a ƙasar Kano, wadda Gwaram da Birnin Kudu suke cikinta har aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, yaron da ya tashi da naƙasa ba ya jiran takarda kafin ya sami abin yi. Makaho yakan koyi tukar igiya wurin manyansa, waɗanda ke da shugabansu, wato Sarkin Makafi. Gurgu kuwa akan zaunar da shi wurin baduku ko maɗinkin hula. Ba wai tsarin ba shi da aibu ba ne, domin bara ta cinye da yawa daga cikinsu. Amma wanda duk ya koyi sana'a, a gaban ubangida ya koye ta, kuma ubangidan nan shi ke haɗa shi da masu saye.

Makarantun naƙasassu daga baya suka zo: ta makafi a Gindiri a 1953, ta Tudun Maliki a Kano a 1977. Sun koyar da karatu, amma ba su gaji wancan aiki na ubangida ba. Sai ɗalibi ya gama sakandare ya koma gida da takardarsa, babu mai kama hannunsa.

Dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. To, amma galibin ofisoshin nan suna Dutse da Abuja, alhali abincin mutumin Gwaram a gona da kasuwa yake, inda wannan kaso bai shafi kowa ba.