Tarihin Kuɗin Horon Malamai Masu Koyarwa da Harshe Biyu: Misali Daga Kongo, Zariya

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wata tambaya guda a cikin tarihin ilmin boko a ƙasar Hausa, wato wane ne ya riƙa ɗaukar nauyin horon malamin da zai fara koyar da yara da Hausa sa'an nan ya ƙetarar da su zuwa Turanci, kuma wane ne ya riƙa biyansa albashi bayan ya gama horon. Mun zaɓi mu tsaya a Kongo da kewayenta, cikin Tudun Wadan Zariya, domin a wannan yanki ne aka kafa makarantar koyon sha'anin mulki, da kwalejin horon manyan malamai, da kwalejin horon malamai mata, ga kuma maɗaba'ar Gaskiya ba nisa da su.

Tun da fari ya kamata mu rarrabe tsakanin malamai iri biyu. Akwai malamin Hausa, wanda ke koyar da nahawu da adabi a matsayin darasi guda cikin darussa. Akwai kuma malami mai harshe biyu, wanda zai iya koyar da lissafi da kiwon lafiya da labarin ƙasa da Hausa tsantsa, ya kuma san lokacin da zai shigo da Turanci da yadda zai shigo da shi. Wannan na biyu shi muke nufi. Abin da muke so mu nuna shi ne, tun daga 1909 an sha yin shela a kan harshen koyarwa, amma asusun horon malami dabam yake da asusun ɗaukarsa aiki, kuma ba safai aka ware wa malami mai harshe biyu nasa kason a ɗaya daga cikinsu ba.

2. Zamanin Baitulmali

Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, da Hausa aka yi koyarwa a cikinta, kuma tun daga farko akwai ajin malaman da ake shiryawa domin su koma lardunansu su buɗe makarantu. Gwamnatin mulkin mallaka ta ba da nata kuɗi, baitulmalin sarakuna ma ya ba da nasa. Daga nan ne al'adar ta kafu, cewa makarantar elemantare ta En'e ce: ita ke gina ta, ita ke biyan malamanta.

Cikin 1921 aka kafa Kwalejin Katsina domin horon malamai, aka buɗe ta bisa hukuma cikin 1922. A can da Turanci ake koyarwa, kuma Gwamnati ce ke riƙe da ita. Bayan gyaran da aka yi wa tsarin ilmi wajejen 1930, sai makarantu suka kasu: elemantare inda Hausa ce harshen koyarwa, da midil inda Turanci ke karɓar ragama. Horon malamai ma sai ya rabu haka. Malaman elemantare ana horar da su da Hausa a ƙananan makarantun horo irin su na Bauchi da Toro, malaman midil kuwa daga Katsina suke fitowa. Ashe ke nan an sami malami mai Hausa ba isasshen Turanci a ƙasa, da mai Turanci a sama, amma gadar da yaro zai bi tsakaninsu ba a damƙa ta hannun kowa ba.

A ɓangaren littattafai dai Zariya ta yi rawar gani. Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar rubuta littattafai cikin 1933, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa cikin Janairun 1939, an kuma kafa Kamfanin Gaskiya cikin 1945. Malamin elemantare ya sami abin da zai karanta wa yara. Sai dai mu lura da cewa Abubakar Imam, editan farko na wannan jarida, daga ajin makarantar midil ta Katsina aka ɗauko shi. Wannan ita ce alamar farko ta wata matsala da za ta daɗe tana damun makarantu, wato duk wanda ya ƙware a harsunan nan biyu, akwai wani ofishi da ya fi aji buƙatarsa, ya kuma fi aji albashi.

3. Kongo da Gasar Neman Masu Harshe Biyu

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe makarantar horon akawuna a Kongo, wadda ta zama Makarantar Koyon Sha'anin Mulki cikin 1954, ta kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Aikinta shi ne horar da akawuna da ma'aji da alƙalai da jami'an mulki, musamman da Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar cika ma'aikatunta da 'yan Arewa. Irin mutumin da ake nema domin wannan aiki shi ne wanda zai saurari talaka da Hausa ya rubuta rahoto da Turanci, wato dai irin mutumin da ajin firamare ke nema. Tun da yake masu wannan ƙwarewa ba su da yawa, kuma akasarinsu malaman makaranta ne, sai ofisoshi da majalisu suka riƙa kwasarsu. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano duk da aikin koyarwa suka fara. Ƙasa ta amfana da su, amma aji ya yi rashinsu.

Gab da samun mulkin kai da kuma bayansa an fitar da rahotanni biyu da suka shafi zancenmu. Rahoton Ashby na 1960 ya nemi a samar da malamai masu zurfin ilmi waɗanda ba su kai ga digiri ba. A sakamakon haka aka buɗe kwalejin horon malaman sakandare a Zariya cikin 1962, da gudummawar Asusun Musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar UNESCO. Ita ce ta zama Kwalejin Horon Manyan Malamai, daga baya kuma Kwalejin Ilmi ta Tarayya, a yankin Kongo da Gyallesu. Rahoton Oldman na 1961 kuwa ya duba ilmin firamare a Arewa, shi ya haifar da Dokar Ilmi ta 1962, wadda ta kafa hukumomin ilmi na yanki, aka raba nauyin makarantu tsakaninsu da Gwamnati ta hanyar kuɗin agaji.

Idan muka haɗa waɗannan biyu za mu ga inda gizo yake saƙar. Kuɗin da ya zo daga waje ya tafi ga horon malaman sakandare, inda Turanci ne harshen koyarwa. Kuɗin agajin da hukumomin yanki ke karɓa kuwa na gudanar da makarantu ne da biyan albashi. Kwalejojin horon malaman firamare suna hannun Gwamnati da ƙungiyoyin mishan. Hukumar yanki, wadda ita ta san harshen da yaranta ke ji, ba ta da iko a kan irin horon da ake ba malamin da za a turo mata. A cikin shekarun 1960 ɗin kuma ra'ayin fara Turanci tun daga aji ɗaya ya yi ƙarfi, har tsohon malami mai horon Hausa zalla ya zama kamar abin da zamani ya wuce.

4. Gwajin 1971

Ƙoƙari mafi muhimmanci na haɗa bakin zaren ya fito ne daga Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa cikin 1965 domin yi wa kwalejojin horon malamai na Arewa jagora. Cikin 1971 ta fara Shirin Kyautata Ilmin Firamare a makarantu 66 na jihohin Arewa shida na wancan lokaci, da tallafin UNICEF da UNESCO. A yankunan da Hausa ta game gari an fara koyarwa da ita a azuzuwan farko ana koyar da Turanci a matsayin darasi, a yankunan da harsuna suka yi yawa kuwa an fara da Turanci. An rubuta sababbin littattafai da jagororin malamai, an kuma samar da masu horon malamai da ke zagayawa makaranta makaranta, suna zama a aji tare da malami suna gyara masa.

Muhimmancin wannan shiri a wurinmu shi ne, a cikinsa kuɗin littafi da na horo da na bibiyar malami a bakin aikinsa sun fito daga tsari guda. A daidai wannan lokaci, cikin 1970, Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara gwajin koyarwa da Yarabanci har shekara shida a Ile-Ife, da taimakon Gidauniyar Ford. A Jamhuriyar Nijar ma an buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram cikin 1973. Gwaje-gwajen Nijeriya biyun sun yi tarayya a rauni guda: sun dogara da agajin waje, agajin waje kuwa yana da wa'adi.

5. Daga 1976 Zuwa Yau

Cikin Satumban 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato U.P.E. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3. Gwamnatin Tarayya ta ɗauki nauyin gine-gine da horon malamai na gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara. A cikinta ne kuma aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi. Cikin 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta zartar da cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya game yankinsa, a koma Turanci daga baya. Amma a lokacin abin da ya dami kowa shi ne yawan malamai, ba irin horonsu ba. Manufar ta faɗi harshen da za a yi amfani da shi, ba ta zo da asusun horar da wanda zai yi amfani da shi ba.

Bayan haka nauyin firamare ya yi ta sauya hannu. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, Tarayya ta janye, albashin malamai ya riƙa makara a jihohi da dama. An kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa cikin 1988, aka rushe ta cikin 1991 aka miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi, aka sake dawo da ita cikin 1993. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, wanda jihohi ke karɓar babban kasonsa idan sun kawo nasu daidai da shi. A wannan tsakani aka daina horon malamai masu takardar daraja ta biyu, takardar N.C.E. ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Kwalejojin ilmi, har da ta Zariya, sun yaye malaman Hausa masu yawa, abin a yaba. Sai dai wanda ya karanta lissafi ko kimiyya da Turanci ya karanta su, don haka idan ya shiga aji biyu a Tudun Wada, fassarar da yake yi wa yara daga kansa yake ƙago ta.

Cikin Nuwamban 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, cikin Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan manufa da komawa ga Turanci. Ba mu zo yanke hukunci tsakanin matakan biyu ba. Abin da tarihi ya nuna mana shi ne, shekara uku ba ta wuce tsawon karatun N.C.E. na ɗalibi guda ba.

6. Kwatanci da Amurka

Ba laifi mu leƙa wata ƙasa domin kwatanci. Cikin 1968 Amurka ta kafa dokar ilmi da harshe biyu, wadda ta ba gundumomin makarantu damar neman kuɗi kai tsaye daga Gwamnatin Tarayya, musamman saboda yara masu jin Sifaniyanci. Kason farko dala miliyan 7.5 ne. Ba a daɗe ba aka ga cewa kuɗin shiri ba ya haifar da malami, don haka gyaran da aka yi wa dokar cikin 1974 ya ƙarfafa ba da kuɗi domin horon malamai. An maye gurbin dokar da wata cikin 2002. Yanayinsu dabam yake da namu, domin a can 'yan tsiraru ake yi wa tanadi, a Zariya kuwa Hausa ce harshen kasuwa da masallaci da wasan yara. Duk da haka abu ɗaya ya cancanci lura: gundumar da ke ɗaukar malami ita ce ke neman kuɗin, kuma sunan malami mai harshe biyu yana rubuce a cikin kasafi.

7. Kammalawa

Mun ga cewa a zamanin En'e an raba horon malamai gida biyu bisa harshe, a shekarun 1950 ofisoshi sun kwashe masu harshe biyu, a 1962 an ba hukumomin yanki albashi ba a ba su horo ba, a 1971 an haɗa abubuwan wuri guda amma da kuɗin waje, daga 1976 kuma yawa ya danne inganci. Ko wane harshe aka rubuta a takardar manufa, yaron da ya shiga aji ɗaya a Kongo da Hausa zai shiga, malaminsa kuma dole ya yi masa bayani da ita.

Saboda haka muna ba da shawara uku ga mahalarta wannan taro. Na farko, kwalejojin ilmi su shigar da darasin koyar da lissafi da kimiyya da Hausa ga duk mai shirin koyarwa a firamare a yankunan Hausa, tare da dabarun ƙetarawa zuwa Turanci. Na biyu, a ba hukumomin ilmi na ƙananan hukumomi wani kaso sananne daga kuɗin horon malamai, su zaɓi 'yan yankinsu su tura su horo bisa sharaɗin za su dawo su koyar na wasu shekaru. Na uku, a sanya wa wannan ƙwarewa takardar shaida da ɗan ƙarin albashi, domin mai ita ya ga dalilin zama a aji. Sauran bayani kuma mun bar wa masana da ke zaune a nan, musamman waɗanda suka yi aiki a waɗannan makarantu da muka ambata.