Jirgin Kyauta da Ya Ci Fiye da Dala Biliyan Biyu

A ranar 20 ga Janairu, 2004, Indiya da Rasha suka rattaba hannu kan cinikin da a takarda ya yi kama da garaɓasa. Rasha za ta bai wa Indiya jirgin ruwan yaƙi mai ɗaukar jiragen sama, Admiral Gorshkov, kyauta, ita kuwa Indiya ta biya kuɗin gyara da garambawul, dala miliyan 974, ta kuma sayi jiragen sama ƙirar MiG-29K guda 16 da za su riƙa tashi daga kansa. An yi alkawarin miƙa shi a 2008. Bai shiga hannun sojojin ruwan Indiya ba sai ranar 16 ga Nuwamba, 2013, da sabon suna Vikramaditya, bayan kuɗin gyaran ya kai kimanin dala biliyan 2.3. An daɗe ana ba da labarin a matsayin na mai saye da aka yaudara. A ganina farashin farko bai taɓa zama farashin aikin ba, kuma kowane ɓangare yana da dalilinsa na ƙin tona wannan zance ranar sa hannu.

Sai a fara duba abin da aka ba da kyautar. An ƙera jirgin a Nikolayev da ke Yukren zamanin Tarayyar Sobiyet, ya fara aiki a 1987 da sunan Baku. A 1994 gobara ta tashi bayan fashewa a ɗakin tukwanen tururinsa, a 1996 kuma aka jingine shi saboda Rasha ba ta da kuɗin riƙe shi. Ya yi shekaru yana tsatsa a cikin sanyin arewacin ƙasar. Ga shi asalinsa ba irin jirgin da Indiya ke so ba ne, domin gabansa cike yake da makamai masu linzami, kuma jirage masu saukar ungulu da masu tashi a tsaye kawai yake ɗauka. Dole a kwashe makaman nan, a faɗaɗa dandamalin, a ɗaga goshinsa sama don jirage su samu tudun tashi, a canza tukwanen tururi takwas. An ba da aikin ga masana'antar Sevmash da ke Severodvinsk, wadda ƙwarewarta ƙera jiragen ƙarƙashin teku masu amfani da nukiliya ce, ba ta taɓa yin aiki irin wannan ba. Da aka buɗe cikin jirgin, wayoyin lantarkin da aka ƙiyasta za a canza na kimanin kilomita 700 suka zarce kilomita 2,000. Duk wanda ya yanke tsayayyen farashi a kan ƙarfen da bai leƙa cikinsa ba, canki ya yi.

Me ya sa aka yarda da cankin? Rasha ta farkon shekarun 2000 tana neman aikin da zai riƙe ma'aikatan Sevmash, tana kuma neman mai sayen MiG-29K, jirgin da ko sojojin ruwanta ba su saya ba a lokacin. Ƙaramin farashi shi ne hanyar shigar da Indiya cikin cinikin. Su kuma hafsoshin Indiya suna kallon jirginsu tilo mai ɗaukar jiragen sama, Viraat, wanda tsohon jirgin Ingila ne da ya fara aiki tun 1959, yana tsufa a hannunsu. Adadin da bai kai dala biliyan ɗaya ba ya fi sauƙin wucewa a gaban ma'aikatar kuɗi fiye da adadin gaskiya.

A ƙarshen 2007 Rasha ta nemi ƙarin dala biliyan 1.2, ta kuma ce aikin zai ƙara shekaru. Babban hafsan sojojin ruwan Indiya na lokacin, Admiral Sureesh Mehta, ya fito fili ya ce bai kamata a sake zaman ciniki ba tunda an riga an sa hannu. A bisa doka yana da gaskiya, sai dai ikon ya riga ya koma wani hannu. Wanda bakanike ya sauke wa injin mota ya baje a ƙasa ya san cewa ba ciniki ɗaya ake yi kafin a kwance da bayan an kwance ba. Jirgin yana tsaye a masana'antar Rasha, cikinsa a farke, Indiya ta riga ta zuba ɗaruruwan miliyoyi, jiragen saman da ta yi oda kuma ba su da wurin sauka a teku in ba shi ba. Aka yi ta ja-in-ja har Maris na 2010, lokacin da gwamnatin Indiya ta amince da sabon farashi daf da ziyarar Vladimir Putin a New Delhi.

Masu kare Rasha suna cewa ba zamba aka yi ba, hasara ce ta gaske: darajar dala ta faɗi a kan rubul a waɗannan shekaru, albashi da farashin ƙarfe sun hau, har shugaban masana'antar ya rasa kujerarsa a 2007. Duk haka ne, amma wannan yana bayyana wani ɓangare na ƙarin ne kawai. Faɗuwar dala ba ita ta ninka tsawon wayoyin lantarki sau uku ba. Wannan sakacin bincike ne, kuma mai jirgi ya fi kowa sanin halin jirginsa. Masu sukar gwamnatin Indiya kuwa suna kafa hujja da rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasar na 2009, wanda ya nuna cewa tsohon jirgin zai fi sabo tsada alhali ba zai yi tsawon ransa ba. Hujja ce mai nauyi, amma tana ɗauka cewa akwai sabon jirgi a kasuwa. Ƙasashen da ke iya ƙera irinsa ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma babu wadda ta yi wa Indiya tayin da za ta karɓa kafin Viraat ya gaza. Rashin madadin nan ne ya sa mai sayarwa ya iya tsayawa kan bakansa.

Ko bayan an daidaita, wahala ba ta ƙare ba. A gwajin teku na 2012 bakwai daga cikin tukwanen tururi takwas suka samu matsala saboda bulon da aka yi musu rufi da shi bai jure zafi ba, aka ƙara shekara guda.

Ba Rasha kaɗai ke da irin wannan tarihi ba. A 1998 Kanada ta ƙulla cinikin sayen tsofaffin jiragen ƙarƙashin teku huɗu daga Ingila a kan dalar Kanada miliyan 750, farashin da aka yi ta yaba araharsa. A Oktoba na 2004 ɗaya daga cikinsu, Chicoutimi, ya kama da wuta a hanyarsa ta zuwa gida, hafsa ɗaya ya rasu, gyare-gyaren jiragen kuma suka ci shekaru da kuɗi masu yawa. Ƙawaye ne na kusa, babu mai zargin wani da cuta, amma tsarin cinikin iri ɗaya ne: an sayi abin da ya daɗe a jingine a kan ƙiyasin mai shi.

Akwai masu cewa da Indiya ta ƙera nata tun farko da ta huta. Ta ƙera ɗin daga baya. An aza harsashin Vikrant a Kochi a 2009, bai fara aiki ba sai Satumba na 2022, shi ma da jinkiri da ƙarin kuɗi mai yawa, har jimillar kuɗinsa ta kai kusan rufi biliyan 200 na kuɗin Indiya. Gardamar kuɗinsa ta tsaya ne tsakanin ma'aikatar tsaro da masana'antar gwamnati ɗaya, kuma har aka gama jirgin yana cikin ruwan Indiya.